Matan Da Aka Bari A Gida: Yaƙe-yaƙen Ƙasar Gobir Da Giɓin Da Ke Cikin Ƙagaggun Labaranmu

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin ƙasar Hausa zai tarar da cewa yawancinsa tarihin masu fita ne. Ana faɗa mana sarkin da ya hau, da yawan dawakin da ya tara, da filin da aka kara, da wanda ya faɗi. Amma ko wace rana aka buga tambari runduna ta fita ta ƙofar birni, akwai wata runduna da takan rage a cikin ganuwa, watau mata da yara da tsofaffi. Su ma yaƙin ya ci su, sai dai ba a cika ambatonsu ba. Manufar wannan maƙala ita ce mu duba halin da waɗannan mata suka shiga a ƙasar Gobir, musamman yankin Sabon Birni da Isa da ƙauyuka irin su Burkusuma, sa'an nan mu tambayi kanmu dalilin da ya sa marubuta ƙagaggun labarai na Hausa ba su ba su haƙƙinsu ba. Hausawa sun ce in ba ka san gari ba, saurari daka. To, masu daka su ne abin sauraronmu a nan.

Ƙasar Da Ake Magana A Kanta

Wannan yanki yana gabashin Jihar Sakkwato, daf da iyakar Nijar, inda Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare ke zuba ruwansu a Gulbin Rima. Ƙasa ce mai fadama, mai gero da dawa da kifi, saboda haka kowa ya so ta. A nan ne Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun rinjayi Zamfarawa, a nan kuma Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa.

Daga 1804 sai ƙasar ta zama fagen fama. A wannan shekara aka yi Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa, a watan Oktoba na 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Faɗuwar birnin ba ta kawo ƙarshen faɗan ba. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya Gobirawa da abokan taronsu a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi ƙarƙashin Mayaƙi, suka ci gaba da kai hari. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kansa ya rasu a 1842 bayan raunin da ya samu a yaƙin Tsibiri. Wajen 1860 Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya gina Sabon Birni, ita kuwa Isa ta zama ribaɗi a hannun zuriyar Bello. Mai karatu zai ga cewa an yi shekara fiye da hamsin mutanen wannan yanki na kwana da kunne ɗaya a buɗe. Yarinyar da aka haifa ranar Tsuntsuwa ta yi aure, ta haihu, ta yi jikoki, ba ta taɓa ganin rani uku a jere ba tare da labarin hari ba.

Matan Da Tarihi Ya Tuna Da Su

Kafin mu zo ga talakawa, ya kamata mu fara da 'yan kaɗan ɗin da aka san su.

Ta farko ita ce Inna. A tsarin sarautar Gobir, Inna 'yar gidan sarauta ce, galibi 'yar'uwar sarki, ita ce shugabar mata da 'yan bori, tana da fadarta da fadawanta. Gobirawa na ɗaukarta uwar ƙasa, kuma in sarki ya fita yaƙi maganarta na da nauyi a kan abin da ya rage a gari. Wannan ya nuna cewa tun can Gobirawa sun gane fitar maza na barin giɓi, suka tanadi mai toshe shi.

Ta biyu ita ce Katambale, matar Yunfa. An kama ta ranar da Alƙalawa ta faɗi, ta shiga gidan Muhammadu Bello, ta haifa masa Fodiyo, wanda daga baya aka ba shi riƙon ribaɗi a cikin ƙasar Gobir ɗin. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan wannan mace. Da safe matar sarki ce a birnin da ake tsoro, da yamma ganima ce a hannun waɗanda suka kashe mijinta, bayan shekaru kuma ɗanta ne ke tsare iyaka don kada danginta su ƙetaro. Littattafan tarihi sun ba ta layi biyu ko uku. Abin da ke zuciyarta kuwa babu wanda ya rubuta.

Ta uku ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da zazzaɓin da suka biyo baya, ta girma ta zama matar Waziri Giɗaɗo, wanda shi ma yawan fita yake yi. Ta yi waƙa a kan Gawakuke, ta kuma tsara tarihin jihadi a waƙar da aka sani da Waƙar Gewaye. Babban aikinta ga matan da yaƙi ya ɗaiɗaita shi ne tsarin 'Yan Taru. Yaƙi ya tara dubban mata kamammu da zawarawa a ƙauyukan Sakkwato da Wurno, da yawansu Gobirawa ne da suka tashi cikin bori. Sai ta naɗa dattijan mata, ana ce musu jaji, tana ba kowace malfa da jan ƙyalle, su riƙa kawo mata ɗalibai suna koma musu da karatu a cikin waƙa. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana bincike a Sakkwato, ta nuna cewa malfar nan alama ce da matan Gobir suka sani a kan Inna. Ke nan Asma'u ta ɗauki tufar da suka saba girmamawa ta ɗora wa malama.

Ta huɗu ba a san sunanta ba. Baturen nan Clapperton ya halarci harin da rundunar Bello ta kai wa Gobirawa a Konya a 1826, ya kuma ba da labarin wata tsohuwar baiwa Bazamfara da ya gani a kan doki, ta rataya gorunan ruwa, tana kutsawa tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. A ganinsa babu wanda ya fi ta amfani a wannan rana. Da ba don baƙo ya lura da ita ba, da ita ma ta bi sauran.

Rayuwar Bayan Ganuwa

To, yaya talakar mace take rayuwa in miji ya fita? Ba mu da littafin da wata daga cikinsu ta rubuta, amma abin da aka sani na tsarin noma da sana'a da shari'a na lokacin ya isa ya haska mana hanya.

Da farko dai akwai guzuri. Mayaƙin da ba bafade ba shi ke ɗaukar abincinsa, kuma mace ce za ta surfa gero, ta daka, ta yi gari da gumba da za su jure tafiya. Watau tun kafin a fita an riga an taɓa rumbunta. Yawanci ana fita ne bayan kaka, lokacin da hanya ta bushe, hatsi kuma yana rumbu. Wannan lokaci shi ne kuma wanda abokan gaba ke sha'awar kawo nasu harin, domin rumbu cike yake, maza kuwa ba su nan. In aka yi rashin sa'a maza ba su dawo ba har ruwa ya sauka, shuka da noman fari sun hau kan mata da yara, a gonar da ba a iya nisa da ganuwa. Gonar da ke bakin dajin Gundumi, komai kyanta, sai a bar wa ciyawa.

In hatsi ya ƙare sai a koma ga abin da daji ya bayar: tafasa, da rama, da yaɗiya, da ƙwayar ƙarangiya, da 'ya'yan anza waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Sanin wanda ake ci da wanda ke kisa ilmi ne na mata, uwa ke koya wa 'ya. Kuɗin kashewa kuwa daga mazari yake fitowa. Mace ta gurje auduga, ta kaɗa zare ko abawa, ta aika kasuwa a sayo mata gishiri da kanwa da wurin da aka samu. Wata ta yi daddawa, wata fura, wata kitso. Zaren da masaƙa suka dogara da shi a duk ƙasar Hausa daga irin waɗannan ɗakuna yake fitowa.

Babban abin tsoro shi ne kamu. Tun kafin jihadi ya ɓarke, abin da ya hura wutar shi ne harin Gimbana na ƙarshen 1803, da aka bi da kamammu ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka tare suka kwance su. Daga nan har zuwan Turawa, mata da yara su ne ganimar da aka fi nema, domin namiji yakan gudu ko ya yi faɗa, mace mai goyo kuwa ba ta da inda za ta. Wadda danginta ke da hali sai a aika da fansa. Wadda ba ta da kowa sai kasuwa, ko gidan wani a matsayin kuyanga ko ƙwarƙwara. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ta bayyana yadda mahara suka kama matan gidansu, da yadda aka yi ta tara wuri don fanso su. Ita a ƙasar Zazzau ta zauna, amma wanda ya karanta zai gane abin da matan bakin Rima suka sha.

Sai kuma zaman jira. Wadda aka kawo mata labarin mutuwar miji ta san matsayinta: za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, in ta so ta sake aure. Wadda mijinta ya ɓace ita ce a tsaka mai wuya. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, matar wanda ya ɓace za ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi idda irin ta mutuwa kafin ta yi aure. Malamai sun bambanta hukuncin wanda ya ɓace a fagen yaƙi da na wanda aka san yana tsare a hannun abokan gaba, sun kuma ba ta damar neman rabuwa in babu abin ciyar da ita. In ta riga ta tare da sabon miji sai na farko ya ɓullo, ba shi da sauran hanya gare ta. Duk wanda ke neman abin da zai gina labari a kai, ga shi nan a cikin babin fiƙihu ɗaya.

Bayan Zuwan Turawa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yarjejeniyar da suka yi da Faransa a 1904 da 1906 kuma ta raba Gobir biyu: Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Hare-hare sun tsaya, amma fitar maza ba ta tsaya ba. Haraji da kuɗi ake biyansa, saboda haka da an gama kaka sai samari su ɗaura ƙunshi su tafi cin rani, wasu Kurmi, wasu Gwanja. Daga wannan ne matan karkara suka saba da riƙon gida wata biyar ko shida a kowace shekara.

A Yaƙin Duniya na Biyu an ɗebi sojoji daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi faɗa da Japan a ƙasar Bama, wadda mutanenmu ke kira Boma, yawancinsu kuma ba su dawo ba sai 1946. A da mace ta san inda Tsibiri take, ta san kwana nawa ake yi a kai. Yanzu kuwa an ce mata miji ya haye teku, sai wasiƙa in an dace, ita ma sai an nemi mai karanta mata, asirinta ya zama na mutum uku. Haka aka sake yi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ba a daɗe ba kuma farin 1973 ya sake korar maza zuwa birane.

Abin baƙin ciki, wannan tarihi ya sake juyowa a zamaninmu. Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Sakkwato, dubban mutane suka ƙetara zuwa yankin Gidan Rumji a Jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara. A ƙarshen watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A watan Satumba na 2021 aka far wa sansanin jami'an tsaro da ake kira sansanin Burkusuma, a watan ne kuma aka katse layukan waya a yankin, wadda mijinta ke Legas ko Fatakwal ta koma jiran matafiyi kamar kakarta. A watan Disamba na shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, a watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Kalmar fansa, wadda ɗalibi ya ɗauka ta littafin tarihi ce, ta dawo bakin mutane. Hanyar da Gobirawa suka bi zuwa arewa bayan Gawakuke ita jikokinsu mata suka sake bi da tabarmi a ka.

Ina Marubutanmu?

Ƙagaggen labari na Hausa a rubuce da boko ya kafu ne da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Biyu daga cikin littattafan da suka fito sun taɓo tarihi. Ganɗoki na Bello Kagara labarin jarumi ne da ya yi faɗa da Turawa, idon marubucin kuma yana bin jarumin duk inda ya sa gaba, ba ya waiwayen gida. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi kusa da abin da muke nema, domin a cikinsa akwai uwa da aka sace wa ɗa, ta bi sawunsa har ta faɗa bauta ta ƙetare Sahara. Duk da haka labarin na ɗan ne, daga bakinsa kuma muke jin nata. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, ya duba abin da yaƙin basasa ya haifar, amma ta fuskar maza masu bindiga. A Nijar, Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia da Faransanci a 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta tari Faransawa a 1899. Wannan mace ce da ta yi yaƙi da kanta, irin wadda marubuta ke so, kamar Amina ta Zazzau. Mai jira a gida ba ta da takobi, shi ya sa ake wuce ta.

Wasu al'ummu sun riga mu. A Amurka, littafin Little Women na 1868 a kan uwa da 'ya'yanta mata huɗu yake, uban yana fagen yaƙin basasarsu. A nan gida, Flora Nwapa da Buchi Emecheta, daga baya kuma Chimamanda Adichie, sun rubuta yaƙin Biyafara ta idon mata. Mu ma muna da marubuta mata tun daga Hafsatu Abdulwahid da Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda suka nuna cewa cikin gida fage ne da ya isa a gina littafi a kansa. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan ƙwarewa da tarihi.

Wani zai ce ai tarihi aikin masana tarihi ne, mai ƙaga labari zai gurɓata shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin yaƙin Gobir da Sakkwato abu ne da har yanzu zuriyar ɓangarorin biyu ke ji a jika, kuma marubuci maras hankali na iya tayar da tsohon miki. Amma masanin tarihi ba ya wuce inda takarda ta tsaya, takardun kuwa maza ne suka rubuta su a kan maza. Mai ƙaga labari shi ke da izinin shiga ɗakin Katambale a daren farko, muddin ya kiyaye sharuɗɗa. Kada ya sauya shekara ko sakamakon yaƙi. Kada ya sa wa mutumin tarihi maganar da za ta zubar masa da mutunci ba da hujja ba. Ya san abin da ake ci da abin da ake sawa a lokacin, kada ya ba matar Alƙalawa shayi ko atamfa. Ya kuma tuna cewa kuka iri ɗaya ne a Wurno da Tsibiri, domin matar mujahidin da ya faɗi a Tsuntsuwa da matar Bagobirin da ya faɗi a Gawakuke takaba ɗaya suka yi.

Kammalawa

Mun ga cewa matan yankin Sabon Birni da Isa sun riƙe gida a zamanin jihadi, da zamanin Boma, da na basasa, da na 'yan bindiga, kuma da guzurinsu da zarensu da haƙurinsu garuruwan suka tsaya. Mun ga kuma adabinmu bai biya su ba. Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman mata, shi ne a fara da tattarawa. Waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, da labaran da tsofaffi suka ji daga kakanninsu, duk suna tafiya tare da masu su, gudun hijira kuma na ƙara watsa su. Wanda zai rubuta kundin digiri ya zauna da tsohuwa guda, da yardarta, ya rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, ba tare da ya tona asirin kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka samu irin wannan kundi goma, marubucin da zai ba mu labarin matar Burkusuma ba zai rasa tubali ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rigaye mu, ya mayar da na gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasar Gobir da sauran ƙasarmu lafiya, amin.